Rumbun Gida ko Ajiya a Hannun Wani? Muhawarar Masu Rubuta Manhaja

Kowace sana'a tana da majalisarta. Teloli suna da tasu, direbobin tasha suna da tasu, dillalan shanu ma in kasuwar Maigatari ta watse ranar Alhamis sai sun zauna an yi bitar cinikin ranar. To haka masu rubuta manhajar kwamfuta da ta waya suke. Sai dai su majalisarsu ta fi yawa a zaurukan WhatsApp da Telegram da Discord, sannan lokaci-lokaci su haɗu ido da ido, kamar a taron DevFest da ake yi wajen ƙarshen shekara a Kano da wasu biranen. Yawancin hirar ba ta wuce tsadar data, da rashin wuta, da farashin laftop, da tsokanar wanda aikinsa ya ƙi tashi. Amma akwai wata gardama da ba ta tsufa a wurinsu: a ina ya kamata mutum ya ajiye aikin da ya rubuta? A hannun babban kamfani, ko a kwamfutarsa ta gida?

Wannan gardama ta shafe mu. Jigawa ta daɗe da shiga harkar: tun zamanin Gwamna Saminu Turaki (1999 zuwa 2007) aka kafa kamfanin intanet na Galaxy da makarantar koyon kwamfuta ta Kazaure, kuma shugaban hukumar NITDA tun 2019, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗeja ne. Cikin masu karanta wannan bango akwai waɗanda nan da 'yan shekaru za su zauna a irin wannan majalisa.

Mene ne ake ajiyewa?

Kowace manhaja, daga ta lissafi da ke cikin wayar mahaifinka har ta cike fam ɗin JAMB, asalinta rubutu ce. Layuka ne na umarni da mutum ya zauna ya rubuta wa na'ura, ana kiran su kod. Ƙaramar manhaja tana iya zama layi ɗari biyar, babba kuwa miliyoyi. Kuma ba a rubuta ta a zama ɗaya. Yau a ƙara, gobe a goge, jibi a gane cewa abin da aka goge shi ne daidai. In mutum goma ne ke aikin, sai rikici ya ninku: wa ya canja wannan layi, yaushe, don me?

Maganin wannan rikici wata manhaja ce mai suna Git. Linus Torvalds, mutumin ƙasar Finland da ya fara Linux a 1991, shi ya rubuta ta a watan Afrilun 2005. Dalilin rubuta ta ma yana cikin gardamarmu. Kafin nan masu aikin Linux suna amfani da BitKeeper, mallakar wani kamfani da ya ba su aro kyauta. Da saɓani ya shiga, kamfanin ya janye aronsa, sai suka wayi gari ba abin aiki. Kayan aro ba ya rufe katara. Cikin 'yan makonni Torvalds ya haɗa tasu.

Aikin Git shi ne rubuta tarihin kowane canji, da sunan wanda ya yi shi da lokacin. Wurin da kod ɗin da tarihinsa suke taruwa shi za mu kira rumbu. Abin da ya fi muhimmanci, wanda nake so kowa ya riƙe, shi ne duk wanda ya ɗauki aikin zuwa kwamfutarsa yana samun cikakken kwafi ne, har da tarihin tun daga ranar farko. Kamar malami ya ba da not 'yan aji arba'in suka kwafa. Ko littafin malam ya faɗa ruwa, darasin bai ɓace ba.

Duk da haka ana bukatar wuri guda da kowa zai riƙa kai nasa gyaran yana ɗaukar na sauran. Nan GitHub ya shigo a 2008. Microsoft ya saye shi a 2018 a kan dala biliyan 7.5, kuma a farkon 2023 masu amfani da shi sun haura miliyan 100. Ko aikin harshenmu yana can. Ƙungiyar HausaNLP, wadda Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero yake cikin jagororinta, a GitHub ta ajiye NaijaSenti a 2022, wato tarin saƙonnin Twitter na Hausa da Ibo da Yarabanci da Turancin buroka da aka tantance domin koya wa kwamfuta gane yabo da suka.

Hujjar masu son rumbun gida

Masu cewa a ajiye a gida ba don ƙin kamfani kawai suke faɗa ba. Suna da tarihi a hannunsu.

A watan Yulin 2019 masu rubuta manhaja a Iran da Siriya da yankin Kirimiya sun tarar GitHub ya taƙaita musu shiga rumbunansu na sirri. Ba wani laifi suka yi ba. Kamfanin na Amurka ne, dole ya bi takunkumin da gwamnatinsa ta ƙaƙaba wa waɗannan wurare. Sai a Janairun 2021 ya samu izinin sake buɗe wa mutanen Iran. Wata goma sha takwas ke nan aikin mutum yana hannun wanda ba ya jin kiransa.

Mu ma nan gida mun ɗanɗana irin wannan. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta rufe Twitter a Najeriya. A Satumbar 2021 aka katse sabis ɗin waya a Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma manyan wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku suka samu matsala daura da gaɓar Kwaddibuwa, har tura kuɗi ta banki ya gagari mutane da dama. Duk wanda aikinsa yake can ƙetare kaɗai, a irin waɗannan ranaku sai dai ya naɗe hannu. Ƙara da kuɗin data, da yadda sabis yake rawa a wasu ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa, za ka ga maganarsu tana da ƙafafu.

Kuma gina rumbun gida ya yi sauƙi yanzu. Akwai manhajoji na kyauta da ke yin kusan duk abin da GitHub ke yi. Gitea ta fito a 2016 daga jikin wata da ake kira Gogs, Forgejo kuma ta ɓalle daga Gitea a ƙarshen 2022, ita ce ma wata ƙungiyar sa-kai da ke Balin ta Jamus take tafiyar da dandalin Codeberg da ita. Waɗannan ba su da nauyi. Tsohuwar laftop da allonta ya tsage za ta iya ɗaukarsu, ko 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi da ba ta fi tafin hannu ba. GitLab ma ana iya ɗora shi a gida, amma shi yana son na'ura mai ƙarfi. Kwamfutar da aka keɓe domin wannan aiki ita ake kira saba.

Abin da masu ja da su ke cewa

A nan ne hirar take yin zafi, kuma a ganina masu ja sun fi kusa da gaskiya fiye da yadda matasa masu ɗoki suke so su yarda. Duk manomi ya san ba gina rumbu ne wahala ba. Gara tana nan, ɓera yana nan, ga gobara lokacin hunturu, ga mai zuwa cikin dare. Ranar da ka ɗauke hatsinka daga hannun mai ajiya, ranar ka zama mai gadi.

Ku dubi abin da ya samu masu kula da PHP. Wannan yaren rubuta manhaja ne da WordPress da Wikipedia suke tafiya a kansa, har da Wikipedia ta Hausa. Shekara da shekaru suna da sabarsu ta kansu. A ƙarshen Maris 2021 wani ya kutsa ya cusa layukan ɓarna guda biyu, ya liƙa musu sunayen manyan aikin, ciki har da Rasmus Lerdorf wanda ya ƙirƙiro yaren. Da layukan sun wuce, da sun buɗe wa 'yan kutse ƙofar baya a shafuka masu ɗimbin yawa. An gano su da wuri aka cire. Sai dai hukuncin da masu aikin suka yanke shi ne abin lura: suka rufe rumbun nasu suka koma GitHub, domin sun ga gadin ya fi ƙarfin 'yan sa-kai. Waɗannan fa gwanaye ne, ba 'yan koyo ba.

Ba kuma kamfanoni ne suka tsira ba. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab, cikin dare kuma a gajiye, ya ba da umarnin goge bayanai a sabar da ba ita ya yi niyya ba. Kusan gigabait 300 suka tafi. Da aka juya ga hanyoyi biyar na madadin ajiya da kamfanin ya tanada, sai aka tarar babu wadda take aiki yadda aka zata. Wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan shi ya cece su, aikin awa shidan kuma ya tafi ke nan. Kod ɗin jama'a bai ɓace ba, tattaunawa da rahotannin gyara ne suka salwanta. Tun daga lokacin, in wani ya yi alfahari a zaure cewa yana da madadin ajiya, tambayar da ake jefa masa ita ce yaushe rabon da ya gwada dawo da shi.

Ɓarakar da ta fi yawa

Abin mamaki, yawancin satar kod ba ta fasa katanga ake yin ta ba. Mai gida ne ke barin makulli a jikin ƙofa. A watan Mayun 2019 ɗaruruwan mutane a GitHub da GitLab da Bitbucket suka tarar an share rumbunansu, an bar musu saƙo cewa su biya kashi ɗaya cikin goma na bitkoyin a matsayin fansa cikin kwana goma. Bincike ya nuna ba kamfanonin aka kutsa wa ba. Masu rumbunan ne suka bar kalmomin sirrinsu a fili a wasu wurare. Waɗanda suke da kwafi a kwamfutocinsu kuwa mayar da shi kawai suka yi. A 2016 ma ta wani makulli da aka bari a cikin rumbun kod aka sace bayanan mutum miliyan 57 na kamfanin Uber.

Ku tuna Git ba ya mantuwa. In ka rubuta kalmar sirri a cikin kod yau, ka goge gobe, tana nan daram a tarihi. Maganin kawai shi ne a soke ta a yi sabuwa. Haka zaure yake. Sau da yawa ɗan koyo zai ɗauki hoton allonsa ya tura don a taya shi gano kuskure, bai lura makullinsa ya fito a gefen hoton ba, zauren kuma yana da mutum ɗari biyar da bai san rabinsu ba.

Akwai wanda ya fi wannan ban tsoro, domin da hirar kanta aka yi amfani. XZ wata ƙaramar manhaja ce ta matse fayil da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai amfani da Linux. Mutum ɗaya ne, Lasse Collin, yake kula da ita shekaru da yawa ba albashi. Wajen 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara kawo gyare-gyare masu kyau, cikin ladabi da haƙuri. A 2022 sai wasu baƙin sunaye suka dame Collin a zauren tattaunawar aikin da ƙorafin cewa yana jan ƙafa, ya kamata ya samu mataimaki. Shi kuwa ya riga ya gaji. A hankali ya miƙa wa Jia Tan makulli. A farkon 2024 Jia Tan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa da za ta ba shi damar shiga sabobi a duniya. Wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, shi ya tona asirin ranar 29 ga Maris, saboda ya lura shiga wata na'urarsa ya ƙara kusan rabin daƙiƙa, ya ƙi barin maganar sai da ya bi diddigi. Rabin daƙiƙa! Mu da muke jiran shafin duba sakamako ya buɗe na minti biyar, ina za mu lura?

Duk wanda ya taɓa zuwa kara a Maigatari ya san cinikin saniya ba ya faɗawa sai da dillalin da aka sani, wanda in ta zama ta sata shi za a kama. A intanet kuwa suna kawai ake gani, sunan kuma kowa na iya ƙirƙira. Don haka ayyuka masu hankali suke da doka: babu gyaran da zai shiga sai wani daban ya karanta ya amince, komai daɗewar mai kawo shi.

A ce a makarantarmu ne

Mu ɗauka ƙungiyar kwamfuta ta wata makaranta a nan Gumel ta rubuta 'yar manhajar haɗa makin jarrabawa, domin ta rage wa malamai zaman dare da kalkuleta a ƙarshen zango. Ina za ta ajiye ta?

Shawarata ita ce a yi rumbun gida, amma kada a buɗe masa ƙofa zuwa titi. A ɗora Forgejo ko Gitea a kan kwamfuta guda, a haɗa ta da rautar ɗakin kwamfuta, ta yadda waɗanda suke cikin ɗakin ne kaɗai za su iya kaiwa gare ta. Wannan ba ya cin data ko ta sisi, ba ruwansa da ko sabis ya ɗauke, kuma ɗan kutsen da ke wata nahiya ba ya ganinta. Duk sabar da aka buɗe wa intanet, ba a daɗewa wasu manhajoji masu yawo da kansu suke fara ƙwanƙwasa mata, suna gwada kalmomin sirri dubu-dubu dare da rana. Ba sai sun san Gumel a taswira ba. In har dole sai wani ya shigo daga gida, akwai hanyar sirri da ake shimfiɗawa da manhaja irin WireGuard, wadda mai makulli ne kaɗai ke bi.

A rufe rajistar kai-tsaye, malamin da ke kula da ƙungiya shi zai buɗe wa kowa asusu da sunansa. Kada a yi asusu ɗaya na kowa da kowa, domin ranar da aka yi ɓarna ba za a san wa za a tambaya ba. Maimakon kalmar sirri a yi amfani da makullin SSH. Shi tagwaye ne: ɗaya kamar kwaɗo, ana ba wa sabar, ba laifi kowa ya gan shi. Ɗayan shi ne ɗan makullin, ba ya barin kwamfutar mai shi, ba a tura shi ko ga aminin da kuke cin kwano ɗaya. GitHub kansa ya daina karɓar kalmar sirri wajen tura kod tun Agustan 2021, daga Maris 2023 kuma ya fara tilasta tantancewa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai ka shigar da wata lamba da ke canjawa a wayarka. Forgejo da Gitea duk suna da wannan, kunnawa kawai ake yi.

Sabuntawa ita ce aikin da ya fi gundura kuma aka fi watsarwa. Duk lokacin da masu manhaja suka fitar da gyaran wata ɓaraka, sun sanar da ɓarayi ke nan inda ɓarakar take. Wanda ya bar sabarsa wata shida bai sabunta ba, ya bar rami ne da kowa ya san wurinsa.

Sai kuma abokan gaba irin namu, waɗanda ba a cika ambata a hirar Turawa ba. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana gajiyar da faifan ajiya. Ƙurar hunturu tana toshe fankar na'ura. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu tana lalata fayil, dawowarta da ƙarfi kuma tana ƙona caja. Nan tsohuwar laftop ta fi babbar kwamfutar tebur, domin batirinta zai riƙe ta har a kashe ta cikin natsuwa. In akwai sola a makaranta, to madalla.

Madadin ajiya kuwa akwai ƙa'idar da aka daɗe ana bi: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya kuma a wajen ginin. Na farko yana sabar, na biyu a faifai ko filashi da ke kulle a ofis, na uku a GitHub ko Codeberg, ana tura shi duk ranar da aka samu data. Kun ga ashe ɓangarorin gardamar biyu suna iya zama a gida ɗaya. Sau ɗaya a zango a ɗauki filashin nan a gwada dawo da komai a wata kwamfuta daban, a gaban malam.

Abu guda ne ba zai taɓa shiga rumbun ba, ko na gida ko na waje: sunayen ɗalibai da makinsu da lambobin wayar iyayensu. Kod daban, bayanan mutane daban. In ana gwaji a yi da sunayen ƙarya. Tun Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar da ke sa ido a kai, kuma dokar ta fi tsananta wa bayanan yara. Ko ba doka ma, wa zai so makinsa na lissafi ya riƙa yawo a zauren WhatsApp?

Matsalar ƙarshe ta makaranta ce zalla. Wanda ya fi kowa iya sabar yawanci ɗan SS3 ne, kuma da ya gama NECO zai tafi Dutse ko Kano ko Kafin Hausa da komai a kansa. Tun zangon farko ya kamata ya zaunar da 'yan SS1 biyu ya koya musu, a rubuta matakan a littafi mai bango, babbar kalmar sirri kuma a sa ta a ambulan a kai wa shugaban makaranta. Ranar walimar yaye ɗalibai a rufe asusunsa, a soke makullinsa, a canja abin da ke cikin ambulan ɗin. In yana son ci gaba da taimakawa daga jami'a, sai ya riƙa turo gyaransa ta GitHub, 'yan baya su karanta kafin su karɓa.